Inda Mai Faci Ya Nuna Mini

Motar Malumfashi ta zubar da mu a Kawo da hantsi,
ni da Barira da jakar takalman gudunta.
Muna isa filin wasa koci ya karɓe ta,
ya ce sai ƙarfe huɗu za a kira sunanta.
Aka bar ni a ƙofa da tikiti a aljihu
da cikin da tun asuba ruwan leda kaɗai ya gani.

An ce baƙo makaho ne ko da idonsa biyu.
Na tsaya a shataletale ina kewaye kamar motocin.
Ga wani gidan abinci mai ƙofar gilashi,
sanyi na huro ni duk sanda aka tura ta.
Na karanta farashi, na tuna kuɗin motar komawa,
na ce wa yaron mai farar riga ɓatan hanya na yi.

Mai rake ya ce in gangara Kasuwar Barci.
Mai adaidaita ya ce ya san wani wuri a Unguwar Rimi,
amma kai ni kawai ya fi kwanon tsada.
Mai tsire na jera tsinke, bai hura wuta ba,
ya ce in dawo bayan magariba,
kamar yunwa na duba agogo.

Can gefen titi wani mai faci na danna tiyub a ruwa,
an rubuta Ishaya da jan fenti a jikin injinsa.
Bai ɗago kai ba ya ce,
"Malam, daina karanta allo.
Bi bayan katanga, wuce famfon da ba ya zuba,
inda ka ga masu sharar fili na wanke hannu,
nan ne."

Mangwaro ɗaya, benci uku, tukunya ta yi baƙi.
Mama Kyauta na juya fate na acca da muciya,
yakuwa da gauta da gyaɗa na faɗa a ciki,
guringuntsi na leƙowa yana nutsewa.
Ta ce, "Kai baƙo ne."
Na ce da me ta gane.
Ta ce, "'Yan gari zama suke yi kafin su tambayi kuɗi."

Na zauna tsakanin tsohon alƙalin wasa mai usur a wuya
da mai sayar da tikiti yana ƙirga canji da hannun hagu.
Loma ta farko ta ƙona mini harshe,
ta biyu tsamin ya kama muƙamuƙina,
ta uku na cire hula na ɗora a gwiwa.
Iskar kogi ta biyo ta bayan gada
ta bushe mini gumin wuya.
Na ce a ƙara rabi. Aka ƙara har baki.

Sai lasifika ta kira 'yan matan mita ɗari huɗu.

Na ce a zuba wa 'yata, ba ni da mazubi.
Ta miƙo kwanonta na sha, ta rufe da faranti,
ta ce in bar shi wurin Ishaya in mun gama.

Ban iya gudu da kwano mai zafi ba.
Ina kan matakala na ji ƙarar bindiga,
na tarar da su sun sha kwanar ƙarshe,
Barira ta uku, haƙoranta a waje,
ta uku ta ƙare.

Ta hauro tana haki, lamba a ƙirjinta,
ta ce, "Baba, ka ga yadda na tashi?"
Na buɗe farantin, tururi ya shiga tsakaninmu.
Na ce ta ci tukuna kada ya huce.